A riƙa tambayar majinyaci ko yana ji, ba ƙarfi kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili domin mu ja hankalin jama'a kan wani abu da ake yawan tsallakewa a jinyar masu shanyewar ɓarin jiki, da masu ciwon suga, da dattawan da suka fara tangaɗi. Mu ma'aikatan sashen gashi ne da motsa gaɓoɓi a nan Sakkwato. Dangin majinyaci idan sun zo, tambayarsu kusan ɗaya ce: yaushe ƙarfin hannun zai dawo? Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko hannun yana jin abin da ya taɓa, ko majinyacin ya san inda ƙafarsa take idan bai dube ta ba. Alhali ƙwaƙwalwa ba ta iya sarrafa gaɓar da ba ta aiko mata da labari, kuma da yawa daga cikin ƙuna da faɗuwa da gyambon da ke ƙara wa waɗannan bayin Allah wahala ta wannan ƙofar suke shigowa.

A ɗauki mutum ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi. Umarnin motsin yana tasowa ne daga wani ziri a saman ƙwaƙwalwa, wanda ya faro daga tsakiyar kai ya gangaro wajen kunne. Daga can jijiyoyin saƙo ke saukowa zuwa gindin ƙwaƙwalwa, inda kusan kashi 90 cikin ɗari suke tsallakawa ɗaya ɓangaren, su shiga laka a cikin ƙashin baya, su miƙa saƙon ga wasu jijiyoyin da ke kaiwa ga tsoka. Wannan tsallakawar ce ta sa idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a hagun ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ne ke shanyewa. Wannan rabin labarin mutane da yawa sun ji shi.

Rabin da ba a cika faɗa ba shi ne hanyar dawowa. Daf da bayan zirin umarni, kwari ɗaya kawai ya raba su, akwai wani zirin mai karɓar ji daga dukkan jiki. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Wilder Penfield, a ƙasar Kanada, ya fitar da taswirar waɗannan wurare a 1937, ta hanyar taɓa ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da 'yar wutar lantarki suna farke a lokacin tiyata. Ya tarar hannu da leɓe da harshe sun cinye fili mai yawa a duka zirin biyu, baya da cinya kuwa ɗan kaɗan. Kowa na iya gwada wannan da tsinken sakace guda biyu. A kan yatsa, mutum yana gane cewa tsinke biyu ne ko da tazararsu milimita 2 zuwa 3 ce. A tsakiyar baya sai an ware su wajen santimita 4 kafin ya daina cewa ɗaya ne.

Labarin da ke hawa sama iri biyu ne. Akwai na fata, wato taɓawa da matsi da santsi da zafi da sanyi. Akwai kuma na ciki, wanda mutum ba ya ma sanin yana da shi. A cikin kusan kowace tsoka akwai ƙananan ma'aunai masu siffar mazari da ke auna tsawon tsokar da saurin miƙewarta, akwai wasu kuma a inda tsoka ta haɗu da igiyar da ta ɗaure ta da ƙashi, su ke auna ƙarfin ja. Da su ne kake kai loma baki a cikin duhu ba ka kai ta hanci ba. Jijiyoyinsu su ne mafi kauri da sauri a jiki, saƙo na gudu a cikinsu wajen mita 100 a sakan guda, alhali siraran da ke ɗauko raɗaɗi ba sa wuce mita ɗaya ko biyu. Shi ya sa idan ka yi tuntuɓe kake fara jin bugun, sannan zogin ya biyo baya.

Saurin nan shi ne gishirin maganar. Idan likita ya buga ƙasan ƙoƙon gwiwa da 'yar gudumarsa ƙafa ta harba, laka ce ta yanke hukuncin ita kaɗai cikin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na sakan. Idan kofi ya fara zamewa a hannu, fatar yatsu na jin zamewar, riƙon ya ƙaru cikin kusan kashi 7 cikin ɗari na sakan, tun mutum bai ankara ba. Masu bincike biyu a ƙasar Suwidin, Roland Johansson da Göran Westling, su suka auna wannan a shekarun 1980. Amma idan aka bar wa ido aikin, kafin ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya amsa, an ci kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na sakan. Kofin ya riga ya kuɓuce. A wani gwajin da Johansson ya yi, an kashe wa wata mata kan yatsu da allura aka ce ta ƙyasta ashana. Ƙarfinta na nan, idonta biyu, amma ta daɗe tana fama, tsinken na kuɓuce mata, a kan aikin da ta gama cikin 'yan sakan kafin allurar.

A ƙeya kuma akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Nauyinta kusan kashi ɗaya cikin goma ne na dukkan ƙwaƙwalwa, amma cikin ƙwayoyin saƙo wajen biliyan 86 da ke kan ɗan Adam, kusan biliyan 69 a cikinta suke. Duk umarnin da aka tura wa tsoka ana aika mata kwafinsa. Sai ta yi kirdadon abin da ya kamata jiki ya ji, ta gwada da abin da ya ji a zahiri, ta gyara bambancin. Wanda ya taɓa ɗaga buta yana zaton cike take alhali ba ruwa, hannunsa ya yi sama da ita, ya ga kirdadon ya kuskure. A ɗagawa ta biyu ba ya sake yi, don an riga an gyara lissafin. Ta haka yaro ke koyon tafiya, baduku ke koyon inda zai soka basilla ba tare da ya duba ba. Idan wannan wurin ya taɓu, hannu na wuce abin da ya nufa, yana karkarwa idan ya kusa isa, mutum na tafiya yana ware ƙafafu. Barasa da ƙwayoyin sa barci suna dagula aikinsa. 'Yan kabu-kabu su lura da wannan: babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a sakan guda, don haka duk ƙwayar da ta jinkirta hannu da rabin sakan ta ƙara mita 8 kafin a taɓa birki.

Hujja mafi ƙarfi a kan muhimmancin ji ita ce ta wani mutumin Ingila, Ian Waterman. A 1971, yana ɗan shekara 19, wata cuta ta lalata masa jijiyoyin taɓawa da na sanin inda gaɓa take daga wuya zuwa ƙasa, ta bar jijiyoyin umarni lafiya lau. Tsokarsa ba ta rasa ƙarfi ba, amma ya kasa zama, balle tsayuwa. Da ƙyar da naci ya koyi tafiya ta hanyar kallon kowace gaɓa yana lissafa motsinta, kuma idan aka kashe fitila ba shiri sai ya zube. Ƙwaƙwalwa a irin wannan hali kamar ɗan kasuwa ce da ke ta loda albasa yana turawa Kudu, babu mai bugo masa waya ya ce mota ta isa, ko ta lalace a hanya, ko nawa aka sayar.

Irin cutarsa ba a cika gani ba. Amma ƙaramin nau'in matsalar ya cika gidajenmu, kuma ciwon suga ne kan gaba wajen kawo shi. Kusan rabin masu suga suna samun lalacewar jijiyoyin ji a tsawon rayuwarsu. Jijiyoyi mafi tsawo su ke fara mutuwa, don haka abin na farawa daga yatsun ƙafa biyu lokaci guda, ya hau idon sawu, ya nufi gwiwa, sannan ya taɓa yatsun hannu. Wani zai ce ƙafarsa ta sage, wani ya ce tana masa zafi da dare, wani kuma silifas ne ke fita daga ƙafarsa ya yi taku uku bai sani ba. Ba suga kaɗai ba ne. Ƙarancin sinadarin B12 na kawo shi, kuma maganin suga metformin kan rage wannan sinadarin idan an shekara da shekaru ana sha. Maganin tarin fuka isoniazid na kawo shi idan ba a haɗa da B6 ba. Kada kowa ya ajiye maganinsa saboda wannan maganar. A faɗa wa likita ya duba, gyaran mai sauƙi ne.

Tsayuwar mutum a kan abu uku take: ido, da ma'aunin da ke can cikin kunne, da labarin tafin ƙafa da idon sawu. Idan ɗaya ya raunana, sauran biyun na rufa asiri, shi ya sa mai wannan matsalar ke yawo da rana kamar lafiyarsa ƙalau. Asirin na tonuwa ne a inda aka ɗauke ido. Dattijo ya duƙa yana alwala, ya debo ruwa ya rufe ido zai wanke fuska, sai ya tafi gaba kamar an tura shi. Ko ya fito sallar Asuba babu wuta, ya taka yashi ko gefen kwata, ya faɗi a lungun da ya shekara 40 yana bi. Iyali su ce tsufa ne ko jiri. Sau da yawa ba ko ɗaya ba ne, ƙafar ce ta daina magana, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun kan zama sanadin kwanciyar da ba a tashi.

Ana iya ganowa a gida ba tare da kashe ko sisi ba. A tsayar da mutum kusa da bango, ba takalmi, ƙafafu a haɗe, wani mai ƙarfi na tsaye a bayansa. Ya yi sakan 30 ido buɗe, sannan sakan 30 ido rufe. Idan ya tsaya cak da ido buɗe amma ya fara layi ko ya nemi faɗuwa da ya rufe, labarin ƙafa ko na cikin kunne ne ya yi rauni. Idan tun ido buɗe yake layi, an fi zargin ƙaramar ƙwaƙwalwa. Bayan wannan ya kwanta ya rufe ido. A kama babban yatsan ƙafarsa ta gefe da gefe, kada a kama ta sama da ƙasa, don matsin zai ba shi amsa. A ɗaga ko a sauke yatsan kamar santimita ɗaya, a tambaye shi sama ne ko ƙasa, sau biyar kowace ƙafa. Mai lafiya ba ya kuskure, wanda jijiyarsa ta taɓu kuwa canki zai riƙa yi. Na ƙarshe, a taɓa kan yatsa na ɗaya da na uku da na biyar a kowace ƙafa da kan ɗan yatsan hannu, a hankali, sakan ɗaya zuwa biyu, ba dannawa, ba maimaitawa. Wanda bai ji biyu ko fiye cikin shidan ba, ƙafarsa na cikin haɗari. A asibiti ana yin wannan da wani siririn zaren roba da ke lanƙwashewa idan matsinsa ya kai giram 10, kuma kowane mai suga ya kamata a yi masa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne ƙuna, domin da hannun masu ƙaunar majinyaci ake yin ta. Ƙafa ta sage, sai a tafasa ruwa a tsoma tsumma a gasa ta don jini ya gudu. Majinyacin na cewa a ƙara zafi, ba ya ji. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan sakan, kuma wanda zai ce wayyo ba ya ji balle ya janye. Washegari sai a ga bororo, mako biyu ya zama gyambo, a mai suga kuwa gyambon nan ne ke kaiwa ga yanke ƙafa. Da hunturu kaskon garwashi ne a ƙarƙashin zane. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, simintin harabar masallaci ne a sallar Azahar, da yashin tsakar gida. Ga salansar babur da ke gasa ƙwauri mutum na zaune bai sani ba. Dokar a nan guda ce, kuma ba ta da sassauci: gaɓar da ba ta ji ba a gasa ta, ba a kai ta kusa da wuta. Ruwan wanka ma wani mai lafiya ne zai gwada shi da gwiwar hannunsa tukuna.

Kuturta ta daɗe da koya wa likitoci wannan darasin. Dakta Paul Brand, wanda ya yi aiki a garin Vellore na Indiya tun ƙarshen shekarun 1940, ya nuna cewa yawancin gutsurewar yatsun kutare ba cutar ce ke cin naman kai tsaye ba. Jijiya ce ta mutu, sai mutum ya riƙe tukunya mai zafi, ya taka ƙaya, ya yi noma da ƙotar da ke goge masa tafi, ciwo a kan ciwo har ƙashi ya lalace. Duk wanda ya ga wani tabo mai haske a fatarsa da ba ya jin taɓawar auduga, ya je a duba shi. Asibitin Amanawa da ke jihar nan ya daɗe da sanin wannan aikin, maganin kyauta ne, wata 6 ko 12 ake sha gwargwadon nau'in cutar, kuma idan an fara da wuri ba a kai ga nakasa.

Wanda ƙafarsa ba ta ji, idonsa ne zai karɓi aikin gadi. Kullum da yamma ya duba tafin ƙafa da madubi, ko ɗansa ya duba masa, har tsakanin yatsu. Ya zazzage takalmi ya sa hannu ciki kafin ya saka, don tsakuwa ɗaya ta isa. Bayan kowace alwala ya tsane tsakanin yatsu, ya shafa mai a diddige saboda faso amma kada man ya shiga tsakanin yatsun. Kada ya bari mai yankan farce ya sa reza a kan kantar ƙafarsa. Takalmi rufaffe mai taushin ciki, a saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar faɗin yatsa ɗaya a gaba. Ya zauna a kan kujera idan zai yi alwala, ya riƙe tocila zuwa Asuba, a bar fitila a hanyar bayi.

Cikin kunne ma na da nasa. Allurar gentamicin da ake saya a kemis ana tsira wa mutane ba lissafi tana iya kashe ma'aunin cikin kunne, kuma idan ya mutu ba ya dawowa. Akwai kuma wata juwa mai tsanani da ba ta kai minti ɗaya, wadda ke zuwa idan mutum ya juya a gado ko ya ɗaga kai sama. Wasu 'yan ƙananan duwatsu ne na cikin kunne suka kauce daga mazauninsu, kuma wanda ya iya yana mayar da su ta hanyar juya kan majinyaci cikin 'yan mintuna.

Sai shanyewar ɓarin jiki, inda maganar ta fi nauyi. Tunda zirin umarni da zirin ji maƙwabta ne, kuma jijiyar jini ɗaya ke shayar da mafi yawansu, kusan rabin waɗanda abin ya sama suna rasa wani ɓangare na ji tare da ƙarfi. Irin wannan majinyacin za ka ga yatsunsa sun fara motsi, iyali na murna, amma cokali na faɗuwa da zarar ya ɗauke ido, ko ya matse kofin roba har ya lotse. Bayan ya sha kunya sau da dama sai ya jingine hannun ya koma ga mai lafiyar. Edward Taub a Amurka ya nuna wannan a jikin birai: an yanke musu jijiyoyin ji na hannu ɗaya, suka daina amfani da shi duk da yana iya motsi, amma da aka ɗaure mai lafiyar suka koma aiki da shi. Wato rashin amfanin koyonsa ake yi, kuma filin da hannun ke da shi a ƙwaƙwalwa na raguwa idan ba a aiki da shi. A wurinmu akwai ƙarin abu. Idan hagu ne ya shanye, an fi saurin watsar da shi, tunda da ma da dama ake ci, ake gaisawa, ake karɓa.

Tausayi ma na yin ɓarna a nan. Uwargida da 'ya'ya su ba shi abinci a baki, su sa masa riga, su miƙo masa buta, ba a bar masa komai ba. Ana shafa mai ana matsa hannun safe da yamma, abin da ke da amfani ga fata da sanƙarewar gaɓa, amma ba ya koya wa ƙwaƙwalwa komai, don ba ita ta ba da umarnin ba kuma ba a tambaye ta me ta ji ba. Ga kuma jan hannu. Kafaɗar da ta shanye galibi tsoka ce ke riƙe da ita a gurbinta, kuma tsokar ta saki. Duk wanda ya ɗaga majinyaci ta wannan hannun ko ta hammata yana iya zame kan ƙashin, ya bar shi da ciwon kafaɗa na watanni wanda zai hana kowane atisaye. A riƙe shi ta ƙugu da allon baya, idan yana zaune a ɗora hannun a kan filo, kada a bar shi yana reto.

Horar da ji ana yin sa ne kamar yadda ake horar da ƙarfi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A fara da abu biyu masu bambanci sosai, kamar buhu da sabulun wanka. Majinyaci ya shafa da hannun da ya shanye yana kallo, ya shafa da mai lafiyar don ya tuna yadda abin yake, sannan ya rufe ido a ba shi ɗaya ya faɗi wanne ne, ya buɗe ido ya ga ko ya dace. Buɗe idon nan dole ne, don a nan ƙwaƙwalwa ke ganin kuskurenta. Idan ya fara ci, a matso da bambancin, a koma shadda da atamfa. Daga baya a binne makulli da dabino da goro da cokali a cikin ƙwaryar gero ya lalubo su ya ambaci sunansu. Don sanin inda gaɓa take, mai jinya ya lanƙwasa gwiwar hannun da ya shanye zuwa wani matsayi, majinyaci ido rufe ya kwaikwaya da ɗaya hannun, sannan ya duba tazarar. Minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, ya fi awa guda a jere, domin aikin na gajiyar da kai ƙwarai. Ya riƙa zama a bakin gado ya shimfiɗa tafin a kan katifa ya jingina nauyinsa a kai, kuma idan zai miƙe tsaye ya ɗan ja ƙafar da ta shanye baya don ta ɗauki rabonta na nauyi.

Yawan maimaitawa shi ne inda ake faɗuwa. Wani bincike a Amurka da Kanada a 2009 ya ƙirga motsin hannu mai ma'ana da majinyata ke yi a zama ɗaya na atisaye, aka samu kusan 32, alhali a gwajin dabbobi sai an yi ɗaruruwa a rana ake ganin ƙwaƙwalwa ta sauya. Zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu a mako ba zai cike wannan giɓin ba, a gida za a cike shi. A zaɓi aiki na gaske, kamar ɗaukar kofi a kai baki, juya makulli, ko tsince wake daga faranti zuwa kwano, mai jinya na ƙirgawa da carbi, zagaye ɗaya na 99 da safe, ɗaya da yamma. Wanda hannunsa bai fara motsi ba, a tsayar masa da madubi a gabansa daidai tsakiyar ƙirji, hannun da ya shanye a bayan madubin, ya riƙa motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa kamar shi ne ɗayan, minti 15 zuwa 30 a rana. Ɗaure hannu mai lafiya don a tilasta aiki da wanda ya shanye kuwa, wanda a asalin tsarinsa awa 6 ne na atisaye kullum har mako biyu, ba na kowa ba ne. Sai wanda ke iya ɗaga wuyan hannu da buɗe yatsu ko kaɗan, wanda kuma ba ya tangaɗi, kuma sai da sa idon ma'aikaci. Wata ukun farko su ne lokacin da sauƙi ya fi saurin samuwa. Ana ci gaba da samu bayan haka, amma wanda aka kwantar a ɗaki wata uku ana jiran ƙarfi ya dawo da kansa ya yi asarar da ba ta da sauƙin mayarwa.

Akwai wani hali da ke rikita iyali, galibi idan ɓarin hagu ne ya shanye. Majinyaci ya cinye tuwon da ke dama na kwano ya bar na hagu yana cewa ya ƙare, ya riƙa bugun ƙofa da kafaɗar hagu, ba ya juyowa ga mai yi masa magana ta hagu, wani ma ya ce hannun ba nasa ba ne. Idonsa na iya zama lafiya lau. Wurin da ke haɗa gani da ji ya fitar da taswirar jiki da kewayensa ne ya taɓu a dama na ƙwaƙwalwa. Ba iska ba ce, ba taurin kai ba ne, kuma faɗa ba ya gyara shi. A riƙa zama ta hagunsa, a ɗaura jan ƙyalle a gefen hagu na tire a ce ya juya kai har sai ya gan shi kafin ya fara ci, a sa hannunsa na dama ya riƙa wanke na hagun yana kallo.

Haɗiya ma ji ne da motsi. Wanda bakinsa ya karkace yanzun nan, hannu ya saki, magana ta sarƙe, maƙogwaronsa ƙila ba ya jin ruwa balle ya rufe hanyar iska. Kada a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko kunu, ko ƙwaya, don huhu za su tafi su zama ciwon da ke kashewa. Kada a ba shi asfirin kafin hoton kai ya nuna ko toshewa ce ko fashewa. A yi masa addu'a ana hanyar asibiti, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi.

Muna da roƙo ga hukumomin lafiya na jiha. Yawancin ma'aikatan gashi a cikin birni suke, a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru, kuma mutumin Isa ko Tangaza ko Kebbe ba zai iya kawo mahaifinsa sau biyu a mako ba. Zaren gwajin ƙafa ba shi da tsada, ba ya bukatar wuta, kuma koyon amfani da shi ba ya cin yini guda. A samar da shi a ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi 23, a sa dokar cewa duk mai suga da ya zo awo sai ya cire takalmi an duba ƙafarsa. Gidajen rediyo su sa gargaɗin gasa ƙafa da kasko a farkon hunturu, na siminti da yashi a farkon bazara. Sannan kafin a sallami duk mai shanyewar ɓarin jiki, a zaɓi mutum ɗaya cikin iyalinsa, wanda zai zauna da shi a gida, a nuna masa hannu da hannu yadda ake ɗaga shi da yadda ake gwada jinsa da atisaye uku ko huɗu, ya maimaita a gaban ma'aikaci, a kuma rubuta masa su da Hausa ko ajami a takardar sallama.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan sashen gashi da motsa gaɓoɓi,
Sakkwato.